Ayyuba Sabri Basha, Sojan Ruwa Mai Alƙalami

Jama'ar zango, ga labarin wani Baturke wanda aikinsa na jirgin ruwa ne, amma alƙalami ne ya bar masa suna. Shi ne Ayyuba Sabri Basha, hafsa cikin sojan ruwa na Daular Usmaniyya, zamanin da Makka da Madina ke hannun Sarkin Istanbul.

Tun yana saurayi ya shiga aikin sojan ruwa, ya yi ta samun girma har aka naɗa shi Basha. Aiki ya kawo shi Hijaz ya zauna. Abin da wani ma'aikaci zai kalla ya wuce, shi sai ya tsaya ya tambaya, ya duba littattafan magabata, ya rubuta.

Da haka ya tara babban littafinsa da Turkanci, Mir'atul Haramaini, watau Madubin Harami Biyu. Kashi uku ne: na Makka, da na Madina, da na Jazirar Larabawa. Maɗaba'ar sojan ruwa ta Istanbul ta buga shi, kashin Makka cikin 1884, na ƙarshe cikin 1889. Shekara ɗaya bayan haka, cikin 1890, Allah ya yi masa rasuwa. An juya littafin da Larabci a Alƙahira cikin 2004.

To, me ya sa ake nemansa har yanzu? Domin Makkan da ya gani ta sāke. Cikin 1955 Sarki Sa'udu ya fara faɗaɗa Masallaci, gidaje da kasuwanni masu yawa suka tafi. Ganuwar Ajyad kuwa, an rushe ta cikin 2002, inda dogon benen agogo yake tsaye. Mai son sanin yadda garin yake a da, sai ya koma ga irin wannan littafi.

Mu fa? Kakanninmu sun tako da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur, suka ƙetare teku daga Sawakin, waɗansu bayan Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903. Labarin nan yana bakin tsofaffi, kullum kuwa raguwa suke yi. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ke da tsoho a gida, ya zauna gabansa da takarda tun yana iya magana.

Allah ya jiƙan magabata, amin.