Shuɗin Yakutu: A Gasa Shi Ko A Bar Shi Ɗanye?

Ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji ƙasar gero ce da gyaɗa, amma fataucin da ke tsakaninmu da Najeriya na iya sa shuɗin yakutu, wato safaya, ya faɗo hannun ɗan kasuwarmu. Ana haƙo shi a kudancin jihar Kaduna da tsaunin Mambila, inda aka samu mai kyan gaske wajen shekarar 2014.

Kafin a feƙe dutsen, tilas mai shi ya yanke shawara game da wuta. Tun shekarun 1970 maƙeran Tailan suka shahara da gasa farfarun duwatsun Siri Lanka. Zafin da ya wuce digiri 1600 yana narkar da siraran zaruruwan da ke cikin dutse, hazo ya washe, shuɗi ya fito.

Sai dai wutar tana da haɗari. Dutse mai tsaga ko ƙwayar wani ma'adini a ciki yana iya fashewa, jari ya salwanta. Wanda baƙinsa ya yi yawa saboda ƙarfe ba safai wuta ke haskaka shi ba. Kuma abin da aka gasa ba ya komawa ɗanye.

Saboda haka dutse mai tsabta da kyan launi a bar shi yadda Allah ya yi shi, domin ya fi tsada a haka. Mai hazo shi ya cancanci wuta. In an gasa kuwa, a faɗa wa mai saye: ɗakunan bincike suna gane alamar wuta, kuma ɗan kasuwar da aka kama da ɓoyo ya rasa amana.