Basturma, Naman da Ba Ya Ganin Wuta

'Yan'uwa manoma, mu da muka san kilishi ba za mu sha wuyar gane wannan dabara ta Armeniyawa ba. An kore su daga ƙasar Turkiyya a 1915, da yawa suka zauna a Berut. Yaƙin Lebanon na 1975 ya sake tura waɗansu Los Anjelas ta Amurka, suka buɗe ƙananan kantuna a unguwanninsu, uba na yanka, 'ya'ya na sayarwa.

Ga yadda ake yin basturma. Akan zaɓi tsokar sa marar kitse, a binne ta cikin gishiri kwanaki. Sa'an nan a wanke, a danne da abu mai nauyi har ruwan ya fita, a rataye a inuwa. In ta bushe, sai a shafe ta da kwaɓin hulba, da tafarnuwa, da jan barkono, a sake ratayewa. Aikin yakan ci makonni. Ba a gasa ta kamar kilishi, shi ya sa tun asali aikin lokacin sanyi ne. Da zafi naman yakan ruɓe daga ciki.

A ganinmu, ribar tana wajen yanka. Sukan yanka ta siriri ƙwarai, su sa kaɗan cikin burodi da tumatir, su ɗumama. Tsoka guda takan ishi masu saye da yawa.