Ƙodar Ɗan'uwa Ma Baƙuwa Ce

Na gaji da wata magana da ke yawo a rumfunan Ƙofar Wambai duk sanda ake haɗa wa wani kuɗin dashen ƙoda: wai tunda ƙanensa ne ya bayar, uwa ɗaya uba ɗaya, shan magani na 'yan watanni ne kawai. Har wani dattijo ɗan gwanjo ya ce mini, "Malam, jini ɗaya ne fa." Alhaji, wannan a zumunci da rabon gado ne. Jiki da nasa lissafin.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da tambarin da likitoci ke kira HLA. Kamar faifai yake, a kansa ƙwayar ke baje gutsuren abin da ke cikinta. Dakarun garkuwar jiki, wato ƙwayoyin T, suna zagayawa suna lalube faifan da kayan da ke kai, kowanne da irin bakinsa, tamkar ɗan makulli da kwaɗo. Tun suna ƙanana aka tace su a wata gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, aka kawar da masu far wa tambarin gida. Da sun taɓa baƙon tambari, sai yaƙi.

To, uwa tana da jeri biyu na tambarin nan, uba ma biyu, kowane ɗa yana ɗaukar ɗaya daga kowannensu. Don haka damar shaƙiƙai su dace tsaf ɗaya ce cikin 4, damar su saɓa gaba ɗaya ma haka. Dashen ƙoda na farko da ya ɗore, a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi. Kai da ƙanenka tagwaye ne? Rukunin jini kuwa awo ne daban.

Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, je ka tambayi likitocinsa. Ko an dace, maganin kwantar da garkuwar jiki ba a yanke shi muddin ƙodar na jiki. Jin sauƙi ba dalili ba ne. Ƙodar na iya lalacewa shiru, awon jini ne ke tonawa. Kada a haɗa da jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba, kada a tsallake ranar asibiti.

Masu karo-karo, Allah Ya saka da alheri, amma ku sa kuɗin maganin wata-wata cikin lissafi tun kafin a shiga tiyata.