Jack Vettriano: Mai zanen da jama'a suka so, masana suka raina

A ƙasar Sikotlan ba a cika samun mai zanen da ya raba kan mutane irin Jack Vettriano ba, wanda ya rasu ranar 1 ga watan Maris na 2025 a birnin Nis na Faransa yana da shekaru 73.

An haife shi a 1951 da sunan Jack Hoggan, ya tashi a garin Metil na yankin Fayif, cikin masu aikin haƙar kwal. Tun yana saurayi ya bar makaranta ya kama koyon aikin injuna a mahaƙa. Da ya cika shekaru 21 budurwarsa ta ba shi kyautar kayan fenti, daga nan ya fara koya wa kansa zane ta hanyar kwaikwayon ayyukan magabata, ba tare da malami ko takardar shaida ba.

A ƙarshen shekarun 1980 ya kai zane biyu bajekolin Royal Scottish Academy a Edinbura, aka saye su tun ranar farko. A wannan tsakani ne ya koma amfani da sunan dangin mahaifiyarsa, masu asali da Italiya.

Zanensa mafi shahara shi ne The Singing Butler na 1992: mata da miji suna rawa a bakin teku, matar sanye da jar riga, barori biyu na riƙe musu da lema. A 2004 aka yi gwanjonsa a kan fam 744,800, kuɗin da ba a taɓa sayen wani zanen Sikotlan da su ba a lokacin. Kwafinsa ya cika gidaje da shaguna a Birtaniya.

Masana zane dai ba su ba shi matsayi ba. Sun ce aikinsa ba shi da zurfi, kuma yana nuna mata tamkar kayan sha'awa. A 2005 jaridu suka gano cewa daga wani littafin hotuna na masu koyon zane ya ɗauko surar mutanen da ke cikin zanen, aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Wannan bai rage masa farin jini ba. A 2013 gidan tarihi na Kelvingrove da ke Gilasgo ya baje ayyukansa, mutum fiye da dubu 100 suka je kallo. Tambayar da ya bari ita ce wa ke da ikon yanke darajar mai fasaha, masana ko jama'ar da ke saye.