Yadda ake bin sawun dangi a tsofaffin takardun ƙidayar jama'ar Ingila

A ranar 6 ga watan Janairun 2022 ne aka buɗe wa jama'a takardun ƙidayar da aka gudanar a Ingila da yankin Wales a shekarar 1921, waɗanda ke ɗauke da sunayen mutane kusan miliyan 38.

Ga masu binciken asalin iyaye da kakanni wannan babbar rana ce, domin ba za a sake buɗe wata ƙidayar ta waɗannan yankuna biyu ba sai shekarar 2052.

Binciken salsala dai ya daɗe da samun gindin zama a Birtaniya, kuma ya ƙara bunƙasa tun da aka fara sanya tsofaffin takardu a intanet. A watan Janairun 2002, lokacin da hukumar adana takardun gwamnati ta sanya ƙidayar 1901 a wani shafi, jama'a sun yi masa rubdugu har ya durƙushe cikin 'yan kwanaki, kuma sai da aka shafe watanni kafin ya dawo aiki.

To amma me waɗannan takardu ke iya faɗa wa wanda ke neman dangin kakansa ɗan Ingila, kuma me suke yin shiru a kansa?

Dare ɗaya cikin shekara goma

An yi ƙidayar farko a shekarar 1801, kuma tun daga nan ake maimaita ta duk bayan shekara goma, in ban da 1941. Sai dai ƙidaya huɗu na farko, daga 1801 zuwa 1831, alƙaluma irin su yawan mutane da gidaje kawai gwamnati ta tattara, ba tare da sunaye ba.

Ƙidayar daren 6 ga watan Yunin 1841 ce ta fara rubuta sunan kowa da kowa.

Tsarin kuwa shi ne, jami'in ƙidaya ya raba takarda gida-gida, maigida ya cike sunayen duk waɗanda suka kwana a gidan a daren Lahadin da aka tsayar, sannan jami'in ya dawo ya karɓa, ya kwafe bayanan cikin littafinsa. Idan maigida bai iya rubutu ba, sai jami'in ko wani maƙwabci ya cike masa.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai bincike ya riƙe. Takardar ba jerin 'yan gida ba ce, jerin waɗanda suka kwana a gidan ne a dare ɗaya. Baƙon da ya zo ziyara yana ciki, ɗan haya da 'yar aiki suna ciki, amma ɗan cikin maigida da ke aikatau a wani gari, ko yake cikin jirgin ruwa, ba za a gan shi ba.

Ƙidayar 1841 ita ce mafi ƙarancin bayani. Ba ta nuna dangantakar mutanen gida da juna, ba ta faɗi garin haihuwa, sai dai ko an haifi mutum a cikin lardin da yake zaune ko a wajensa. Haka kuma an umarci jami'ai su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa adadin da ke rabuwa da biyar, wato mai shekara 29 a rubuta masa 25.

Daga 1851 ne aka fara rubuta ainihin shekaru, da matsayin aure, da dangantakar kowa da maigida, da gari ko ƙauyen da aka haifi mutum. Wannan bayani na ƙarshe shi ne ya fi komai daraja, domin shi ke nuna wa mai bincike cocin da zai je ya duba rajistar haihuwa da aure.

Daga ina ake farawa?

Ƙa'idar da masu wannan bincike suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, a fara daga abin da aka tabbatar, a riƙa komawa baya sannu a hankali.

Idan an san cikakken sunan kaka da shekarar haihuwarsa da garinsu, sai a neme shi a ƙidayar da ta fi kusa, alal misali ta 1921 ko ta 1911. Idan yana yaro a lokacin, za a same shi tare da iyayensa da 'yan uwansa. Daga nan sai a koma baya da shekara goma a nemi gidan, har a kai lokacin da shi mahaifin ma yake yaro a gaban nasa iyayen.

Suna kaɗai ba hujja ba ne. A babban gari kamar Manchester ana iya samun mutane da dama masu suna John Smith da aka haifa a shekara guda. Abin da ke tabbatar da cewa gidan da aka gani a 1881 shi ne na 1871, shi ne daidaituwar abubuwa da yawa: sunan matar gida, jerin 'ya'ya bisa shekarunsu, garuruwan da aka haife su, da sana'ar maigida. Wanda ya yi gaggawa a wannan mataki zai iya shafe shekaru yana tattara tarihin zuriyar da ba tasa ba.

Misalin gidan Bronte

Gidan marubutan nan 'yan uwan juna, Charlotte da Emily da Anne Bronte, na ƙauyen Haworth a lardin Yorkshire, misali ne mai kyau, domin an san tarihinsu daga wasu majiyoyi, saboda haka ana iya auna abin da ƙidaya ta kama da abin da ya kuɓuce mata.

Mahaifinsu Patrick Bronte limamin coci ne da aka haifa a Ireland a 1777. Yana da shekara 64 a daren ƙidayar 1841, wanda bisa ƙa'idar wancan lokaci 60 za a rubuta masa. Charlotte kuwa a lokacin tana aikin koyar da yara a gidan wasu masu hali a Rawdon, don haka can ya kamata a neme ta.

Matarsa Maria ta rasu tun 1821, manyan 'ya'yansa mata biyu kuma, Maria da Elizabeth, sun rasu a 1825. Su ukun babu wata ƙidaya mai sunaye da ta riske su. Wanda ya dogara da ƙidaya kaɗai zai ɗauka 'ya'ya huɗu Patrick ya haifa, alhali shida ne.

A ƙidayar 30 ga watan Maris na 1851, Charlotte mai shekara 34 ce kaɗai ta rage a gaban mahaifinta. Takardar ba ta faɗi inda sauran suka shiga ba. Sai an duba rajistar mace-mace za a gane cewa ɗan'uwansu Branwell ya rasu a watan Satumbar 1848, Emily ta bi shi a watan Disamba, sannan Anne a watan Mayun 1849.

Haka nan takardar ba ta nuna cewa wannan mata ita ce ta rubuta littafin Jane Eyre, wanda ya fito tun 1847 ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya saba da takardun, domin sau da yawa akan bar gurbin sana'ar mata fayau ko da suna aiki.

A 1861 kuma, za a ga tsoho Patrick tare da wani suruki, Arthur Bell Nicholls, wanda matarsa ta rasu. Charlotte ta aure shi a watan Yunin 1854, ta rasu a watan Maris na 1855. Aurenta gaba ɗaya ya faɗa ne tsakanin ƙidaya biyu.

Abin da ke cike irin wannan giɓi shi ne rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wadda gwamnati ta fara a Ingila da Wales ranar 1 ga watan Yulin 1837. Kafin wannan lokaci kuwa sai littattafan coci, waɗanda aka ba da umarnin fara ajiyewa tun 1538, ko da yake ba duka ne suka tsira ba.

Kura-kuran da ake cin karo da su

Kowane bayani na ƙidayoyin da aka yi kafin 1911 da ke fitowa a allon kwamfuta ya bi ta hannu uku aƙalla: wanda ya cike takarda, jami'in da ya kwafe ta, da wanda ya karanta tsohon rubutun ya shigar da shi na'ura bayan shekara ɗari ko fiye. Kowanensu na iya yin kuskure.

Fitaccen masanin nan Karl Marx, wanda ke zaune a unguwar Soho ta birnin Landan a 1851, an rubuta shi ne da suna Charles Mark. Idan haka ta faru da shi, ina ga leburan gona da bai iya karanta sunansa ba? Shi ya sa idan suna ya ƙi fitowa, ake ba da shawarar a gwada wasu hanyoyin rubuta shi, ko a nemi gidan da sunan ɗaya daga cikin yaran, ko a buɗe hoton ainihin shafin a bi layin gida-gida.

Shekaru ma ba abin dogaro ba ne sosai. Wasu ba su san ranar haihuwarsu ba, wasu kuma da gangan suke ragewa ko ƙarawa, har a ga mutum ya ƙaru da shekara bakwai kacal tsakanin ƙidaya biyu.

Sai kuma batun ma'anar kalmomi. A ƙarni na 19, kalmar Ingilishi da a yau ke nufin suruki akan yi amfani da ita ga agola. Iyaye kuma kan mayar wa jariri sunan yayansa da ya rasu, ta yadda yaro ɗaya a takarda zai zama yara biyu a zahiri. A wasu gidajen masu taɓin hankali kuwa, haruffan farko na sunaye kawai aka rubuta.

Akwai ma waɗanda suka ƙi a ƙirga su. A 1911 mata masu fafutukar samun 'yancin jefa ƙuri'a sun ƙaurace wa ƙidayar, ɗaya daga cikinsu, Emily Wilding Davison, ta ɓuya a cikin ginin majalisar dokoki ta kwana a can.

Rubutun hannun kaka

Ƙidayar 1911 ta bambanta da na baya, domin ita ce ta farko da aka adana ainihin takardun da masu gida suka cike. Mai bincike zai iya ganin rubutun hannun kakansa da sa hannunsa.

An kuma tambayi matan aure shekarun da suka yi da aure, da yawan 'ya'yan da suka haifa da rai, da waɗanda ke raye, da waɗanda suka rasu. Ta nan ne iyalai da dama suka fara sanin jariran da aka haifa suka koma tsakanin ƙidaya da ƙidaya, waɗanda babu wanda ya taɓa ba su labarinsu.

Ta 1921, wadda aka jinkirta daga Afrilu zuwa 19 ga watan Yuni saboda rikicin ma'aikata, ta ƙara da sunan wurin aikin mutum, kuma a karon farko ta ba da damar a rubuta cewa aure ya mutu. Da yake a lokacin bazara aka yi ta, wasu iyalai an same su a garuruwan shaƙatawa na bakin teku maimakon gidajensu.

Daga nan sai babban giɓi. Takardun ƙidayar 1931 na Ingila da Wales sun ƙone ƙurmus a wata gobara da ta tashi a ma'ajiyarsu da ke Hayes a watan Disambar 1942, sannan ba a yi ƙidaya a 1941 ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Tun da ana rufe takardun ƙidaya tsawon shekara 100, ta 1951 ce ke biye.

Abin da ke rage wannan asara shi ne rajistar da aka yi ranar 29 ga watan Satumbar 1939 domin katin shaida da rabon abinci na lokacin yaƙi. An buɗe ta a 2015, kuma tana ɗauke da cikakkiyar ranar haihuwa, sai dai an rufe sunayen waɗanda ba su cika shekara 100 da haihuwa ba, in ba an tabbatar da rasuwarsu ba.

Ainihin takardun suna hannun hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa da ke Kew a yammacin Landan, amma ana iya duba su daga ko'ina ta shafuka irin su Findmypast da Ancestry, waɗanda ake biya. Jerin sunayen ƙidayar 1881 kyauta ne a FamilySearch, kamar yadda jerin rajistar haihuwa da aure da mutuwa yake a FreeBMD. Takardun Scotland daban ake ajiye su a birnin Edinburgh.

Ga wasu mutane lamarin ya wuce sha'awa. Birtaniya na da wata biza ta shekara biyar da take bai wa 'yan ƙasashen Commonwealth, ciki har da Najeriya da Ghana da Kamaru, waɗanda aka haifi ɗaya daga cikin kakanninsu a ƙasar. Ƙidaya na iya taimaka wa mai nema ya gano garin da aka haifi kakan da sunayen iyayensa, amma abin da hukuma ke buƙata shi ne takardun shaidar haihuwa, nasa da na mahaifi ko mahaifiyarsa da kuma na shi kakan.