Jini a Bahaya: Kada a Yi Saurin Cewa Basir Ne

 Shirin namu na yau zai taɓo maganar da ake jin nauyin faɗa, sai ku yi mana haƙuri. Batun sankarar babban hanji ne.

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, ita ce ta uku a yawa cikin cututtukan daji, ta biyu kuma wajen kisa. A 2020 kaɗai ta kama mutum sama da miliyan 1.9. A shekarar ce ta yi ajalin Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, yana ɗan shekara 43. Ashe ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba.

A nan wajenmu kuwa, da mutum ya ga jini a bahayarsa sai ya yanke wa kansa hukunci: basir ne. Sai ya nufi tasha wajen mai magani da lasifika, ya sayo jiƙo. Wata ya shuɗe, shekara ta zagayo, yau gudawa gobe cushewar ciki, ga rama, ga kasala, ga ƙarancin jini, shi kuwa yana ta sauya masu magani. Gaskiya ne, sau da yawa basir ɗin ne. Amma ido ba ya rarrabe basir da sankara, sai gwaji.

Yaya ake gwajin? Likita zai yi tambayoyi, ya sa safar hannu ya duba dubura da yatsa. Akwai kuma gwajin bahaya mai gano jinin da ido ba ya gani. Babban gwajin shi ne kolonoskopi: bayan an sha maganin wanke ciki, sai a zura siririn bututu mai kyamara a leƙa hanjin tun daga farko har ƙarshe. Nan ne amfanin yake. Galibi cutar tana somawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan yi kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Idan an gan shi, nan take ake guntule shi, magana ta ƙare. Idan kuwa ƙari ne, sai a tsakuri nama a kai ɗakin gwaji, a kuma ɗauki hoton ciki da ƙirji don a ga ko ya kai hanta ko huhu.

Jigon magani tiyata ce: a yanke sashen da ya kamu, a haɗe sauran. Wasu a ƙara musu da alluran sankara, masu ta dubura kuma a haɗa musu da gashin na'ura. Abin da ya fi firgita mutane shi ne jakar da ake maƙalawa a ciki don fitar bahaya. Ba kowa ake sa wa ba, wasu ma ta 'yan watanni ce a cire. Batun alwala da salla kuwa, malamai sun yi wa mai larura sauƙi.

Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan an gano ta tun ba ta bar hanji ba, kusan mutum 9 cikin 10 na haye shekara 5. In ta bazu nesa, ba su kai 2 ba. Can ma tun 2021 aka sauko da shekarun fara gwaji zuwa 45.

Don haka malam, hajiya, in jinin nan ya ƙi tsayawa, ko bahaya ta sauya ta yi makonni a haka, ko kuma cutar ta taɓa kama mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwa, don Allah a je asibiti a faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye.