Kaluluwar da ba ta ciwo: me ya sa likita zai ce a jira?

Mun saba da kaluluwa: ƙafa ta yi rauni, matsematsi ya kumbura, bayan 'yan kwanaki ya sace. Amma akwai wadda ba ta ciwo, takan fito a wuya ko hammata, ta ragu, ta dawo, har shekara ta zagayo. Irinta ce ta fito wa wata dattijuwa da muke zumunci a nan Ingila. Da aka ciro kaluluwar aka auna, aka ce sankara ce mai suna folikula limfoma. Sai likita ya ce ba za a fara magani ba tukuna. 'Ya'yanta suka ɗauka don baƙuwa ce aka yi mata haka.

Ba wariya ba ce, halin cutar ne. Tana tasowa daga ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira B, kuma ta fi kama waɗanda suka kai shekara 60. A madubin likita, ƙwayoyin kan bayyana dunƙule-dunƙule cikin kaluluwar, sau da yawa har a ɓargo.

A wajen kashi 85 cikin 100 na masu ita, kuromosom na 14 da na 18 ne suka yi musayar yanki. Wannan ke sa furotin BCL2, mai hana ƙwaya mutuwa, ya yi yawa. Ƙwayoyin da ya kamata su mutu sai su yi ta taruwa a hankali. Canjin a jikin mutum yake faruwa, ba a gadonsa daga iyaye.

Saboda wannan nawar, fara magani kafin alamu su bayyana ba ya ƙara tsawon rai, shi ya sa ake sa ido. Idan ta motsa, akwai magunguna irin su rituximab, wanda Amurka ta amince da shi a 1997. Da yawa sukan rayu shekaru masu yawa da ita.

Sai dai jira ba sakaci ba ne. A kowace shekara, kashi 2 zuwa 3 na masu ita takan rikiɗe musu zuwa limfoma mai saurin girma. Zazzaɓi, gumin dare, rama ko kumburin da ya ƙaru farat ɗaya, duk dalilin komawa asibiti ne nan take.

Dattijuwar dai tana zuwa awo a kan lokaci, kuma har yanzu ita ke kai jikokinta Islamiyya.